Sunan Da Aka Sa Wa Nasiru A Garejin Tankoki

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, kuma har yau idan tankar mai ta wuce ƙofar gidanmu ta nufi kan iyaka, sai na ajiye abin da ke hannuna har ƙararta ta ɓace. Mutanen Jibiya sun san tsoro iri-iri a shekarun nan, na hanya da na gona. Nawa ya riga waɗannan zuwa, kuma bana ya dawo mini sabo.

Nasiru difloma ya yi a kan tsabtar muhalli, aikin dubagari. Ya san yadda ake duba rijiya da mahauta da kwata. Da aikin gwamnati ya ƙi samuwa, wani kamfanin sufuri mai gareji kusa da shingen kwastan ya ɗauke shi. Masu ba su kwangilar dakon mai ne suka ce dole a ajiye mai kula da lafiyar ma'aikata da kiyaye haɗari. Da farko mataimaki aka kira shi. Bai yi nisa ba wanda yake taimaka wa ya koma Kaduna, sai aka cire kalmar mataimaki, aka bar masa jami'i. Aka ba shi hular kwano da riga mai ƙyalli. Direbobinmu suka sa masa Sefti, wato mai kiyaye haɗari, na Maraɗi kuma suna ce masa Shef, wato shugaba.

Mu a gida murna muka yi. Shi ne bai yi ba. Wata Juma'a ya zo cin tuwo wurina, ya ɗora hular a kan tabarma yana kallonta.

"Yaya, sunan nan ya fi ƙarfina," ya ce. "Ban karanci mai ba. Ban san abin da iskar cikin tanka take yi wa mutum ba, sai abin da na tsinta a bakin direbobi."

Na ce to ya gaya musu mana. Ya ce ya gaya musu, sun yi alkawarin tura shi kwas bayan Babbar Salla. Daga nan ya koma wasa da 'yarsa Bilkisu, muka bar zancen.

Salla ba ta same shi ba. Wata safiya da hantsi, Idi, magidanci daga Bugaje mai wanke tankoki, ya shiga cikin wata da aka sauke wa fetur. Aka ji shiru. Aka leƙa ta bakin murfi aka gan shi kwance. Waɗanda suke wurin sun ba ni labari, kuma bakinsu ɗaya: duk garejin ya juya yana kiran Sefti. Ba wanda ya kira manaja ko wani tsohon direba. Nasiru ya zo a guje, ya ɗaura hankici a hanci, ya hau, ya zura ƙafafunsa. Wani direba ɗan Nijar ya riƙe masa riga yana cewa, "Shef, dakata." Ya amsa masa, "In ban shiga ba, wa zai shiga?"

Da ƙugiya da igiya aka fito da su. Idi ya riga ya cika. Nasiru ya kai asibiti da sauran numfashi, na tarar da shi leɓɓansa sun yi shuɗi, yana warin fetur. Kafin azahar ya rasu. Allah ya jiƙansu duka.

Daga baya na ji cewa a kwas ɗin da bai samu zuwa ba, cikin abubuwan farko da ake koyarwa har da wannan: idan mutum ya faɗi a rufaffen wuri, ba a bin sa ciki sai da abin shaƙar iska da igiya da mai tsaro a waje.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Sunayen aikin sun yi yawa. Akwai mataimakin jami'i, akwai mai sa ido a filin aiki, akwai mai kula da gobara, akwai mai agajin gaggawa, a samansu kuma jami'i da shugaban sashe. Masu ɗaukar aiki na neman difloma ko digiri, da satifiket na kwas. Wannan zai faranta masa rai. Amma na tabbata zai tambaya, a kwas ɗin an sa ɗalibi ya riƙe na'urar gwada iska da hannunsa, ko hotonta kawai aka nuna masa a waya? Domin na ga yaran unguwarmu da suka yi kwas na 'yan kwanaki suka dawo da takarda mai hatimi, kuma gobe za a iya miƙa wa ɗayansu hula a kira shi jami'i. Idan aka faɗi, shi za a kira. Wannan ne ke hana ni sukuni.

Bilkisu a hannuna ta tashi. Da ta gama sakandare ta ce abin da ubanta ya karanta za ta karanta, na yi rarrashi, na yi faɗa, har na sa kawunta ya yi mata magana, amma ba ta fasa ba. Ta yi diflomarta, ta ƙara da kwas na kiyaye haɗari a wurin aiki, da na agajin gaggawa. Bana wani wurin ajiyar taki da maganin ƙwari a hanyar Katsina ya kira ta. Sun ce za su ba ta muƙamin jami'ar kiyaye haɗari kai tsaye, tunda ba su da kowa. Ta ce musu a'a, matsayin mataimakiya take nema, a ƙarƙashin wanda ya daɗe a aikin. Suka tafi, sai bayan wani lokaci suka dawo mata da cewa sun samo shi.

Ranar da za ta fara, na ɗaura mata kwanon abinci. Na tambaye ta abin da na daɗe ina tsoron tambaya.

"In wani ya faɗi a cikin sito, kowa na kiran sunanki, me za ki yi?"

"Zan tsaya a bakin ƙofa, Gwaggo. In hana kowa shiga, in kira masu kayan aiki."

"Ko za a ce ba ki da imani?"

"Ko za a ce."

Na yarda da ita. Duk da haka tsoron bai tafi ba, don na san jinin da ke jikinta, na san kuma yadda taron mutane ke tura mai tausayi. Idan wayata ta yi ƙara da hantsi, sai na yi salati kafin in ɗauka.

Garejin ya tashi tuntuni, an yi shaguna a wurin. 'Yan Bugaje har yanzu suna aiko mana da gero in an yi girbi, suna cewa Nasiru bai bar ɗan'uwansu shi kaɗai ba. Ina karɓa, ina godiya. Su jarumtarsa suka riƙe. Ni kuma abin da na riƙe shi ne mutumin da ya san bai sani ba, ya kuma faɗa da bakinsa, aka ce masa ya jira bayan Salla.