Tsagar da Bakri Ya Gani

Yayana Bakri ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran bindigogi a ma'ajiyar makamai ta wata rundunar tsaro a nan Madina, ya yi ritaya bai taɓa harbin ko kare ba. Ni ce Safiyyatu, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da na yi wayo nake faɗa da shi, don haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan na riga na faɗa masa ido da ido.

Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya shekara shida a hanya, ya yi ƙwadagon auduga a Sudan kafin ya haye teku. Mu a nan aka haife mu, a unguwar da yanzu ta shige cikin harabar Masallaci, daga baya muka koma unguwar Harra ta Yamma. Bakri bai taɓa taka Najeriya ba. Amma akwai abu guda da ya gada daga can, ya riƙe shi fiye da mutanen can ɗin: kunyar ɗan fari. Ɗansa na fari shi ne Hafizu. Bakri ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye, ba yabo ba faɗa. Haka mahaifinmu ya yi masa, shi ma haka ya yi wa nasa. In yana da saƙo sai ya ba matarsa Ikilima, da ta rasu sai aikin ya dawo kaina. "Gaya wa ɗanki," haka yake farawa, ko da kuwa Hafizu na zaune kusa da shi. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a jami'a sun sha gaya masa ko a Kano an rage wannan. Sai ya ce ai shi ya sa Kano ta lalace, Kanon da ko a mafarki bai san hanyarta ba.

Bayan ritaya zaman gida ya gagare shi. Sai ya tsiri zuwa baje kolin kayan farauta da ake yi duk shekara can wajen Riyad. Yakan hau bas da 'yar tocila da gilashin ƙara girma a aljihun jallabiya, ya kwana huɗu yana zagaya teburan masu tsofaffin bindigogi. Ba ya saye, kuɗin fansho ba su kai nan ba. Wadda ya fi ƙauna ita ce abu mahala, 'yar bindigar hannu mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa da harsashi shida. Yakan ce ita kaɗai ce ba ta yi wa mai ita ƙarya, in dai mai itan ya iya dubawa.

Shekarar da ya fara zuwa, tsohuwa mai lafiya riyal dubu biyu da ɗari biyar ce. Bayan shekara uku ta kai dubu biyar. Bara ya dawo yana huci, wai ya ga wadda tsatsa ta ci ana neman dubu takwas, kuma wani yaro mai turare ya biya ko tayi bai yi ba, zai rataye ta a majalisi, wato falon baƙi, don ado. Da kuɗi suka hau haka sai kowa ya koma farautar abin da suke kira lugɗa, wato ta araha da aka yi sa'a. Masu sayarwa kuwa suka gane. Sai a ɗauko wadda ta gama aiki, a shafa mata sabon baƙi, a sa mata sabuwar ƙota, a rage dubu biyu ko uku daga farashin kasuwa, a jira mai kwaɗayi.

A nan Bakri ya yi suna. Baƙo daga Ha'il ko Tabuk zai tare shi, ya kira shi baffa da Larabci, "Ya Ammu Bakri, duba mini wannan." Sai ya karɓa, ya kara ta a kunne yana juya gangar a hankali, ya haska tocila a cikin bututun, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi a gaban mai kaya. Ba ya karɓar ko halala, wato ko sisi, sai gahawa da dabino. Akwai masu tebur da in suka hango shi sai su lulluɓe kayansu da ƙyalle. Mutumin nan ya tsare hannuwan mutanen da ko sunansu bai sani ba, kuma yana alfahari da haka.

Hafizu shekararsa talatin da huɗu, yana aiki a matatar mai a Yanbu, aikin ƙananan na'urori ne, na yatsu. Yana da mata, Sundus, da 'ya'ya mata biyu. Yana jin Hausa tas, amma da Larabci yake amsawa. Ni na raine shi rabi da rabi, na san halinsa. Ba na jin bindiga ta taɓa burge shi. Ya dai shiga kulob ɗin harbi, ya yi takardar izini, ya shekara uku yana tara kuɗi farashin na gudu a gabansa, saboda yana son ya kawo abin da dole ubansa ya duba. Bana ya je baje kolin a ranar ƙarshe, bayan ya tabbatar uban ya hau bas ya taho. Ya samu abu mahala baƙa wuluk, an ce dubu biyar, ya yi ta ciniki har la'asar ya karɓa a dubu uku da ɗari takwas.

Ranar Juma'a ya zo da ita gidan Harra, inda muke taruwa cin abincin rana. Bayan an kwashe faranti ya buɗe akwatin, ya nuna wa kowa ba harsashi a ciki, ya ajiye ta a kan darduma da takardarta. Ni na tsufa, ina zama inda na ga dama, don haka ina majalisin. Ƙaninsa Sufyan ya ɗauka ya juya, surukai suka karɓa suna "lugɗa wallahi, lugɗa." Hafizu yana ba su labarin cinikin, amma idonsa na kan mutum ɗaya. Daga hannu zuwa hannu ta iso wurin Bakri.

Ya kara ta a kunne. Ya zaro tocilar. Na ga ya tsaya a daidai inda bututun ya haɗu da jikinta, ya goga farce a wurin sau biyu. Sai ya ajiye ta a kan darduma, ya ce, "Masha Allah," ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayinsa. Fuskar Hafizu ta yi haske kamar ta ango. A tsawon rayuwarsa bai taɓa samun abin da ya kai wannan daga bakin ubansa ba.

Bayan la'asar Bakri ya same ni a kicin ina wanke tukunya.

"Gaya wa ɗanki kada ya harba wannan abin. Akwai tsaga a gindin bututun, an rufe ta da baƙi. Za ta fashe masa a hannu."

Na juyo na kalle shi. "Yaya, ga shi can a falo, taku goma. Je ka gaya masa."

"Ke dai ki gaya masa."

"Baƙon Tabuk kana gaya masa a gaban jama'a. Wannan naka ne. Wallahi yau ba ni kai saƙo, halas, na gaji. Shekara goma sha biyu ina yi muku masinja."

"Safiyyatu, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ɗauka na samu damar da zan karya wannan abu. Na ce a raina, a kan hannun ɗansa ai dole ya buɗe baki. Ya fita ya tsaya a ƙofar falo, ina kallonsa ta taga. Hafizu na ɗaure wa ƙaramar 'yarsa takalmi. Bakri ya tsaya har yaron ya ɗago kai, sai ya gyara hularsa ya wuce masallaci. Shi ya tafi da tabbacin zan huce in faɗa, don kullum haka nake yi. Ni kuma na zauna da tabbacin zai kira shi a waya. Kafin magariba Hafizu ya kama hanyar Yanbu da iyalinsa.

Washegari da hantsi zuciyata ta ƙi kwanciya, na aika masa saƙon murya. A nan ne na yi nawa laifin, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa. Na tuna hasken fuskarsa, na kasa cewa an cuce shi. Sai na ce, "Babanka ya ce ka bi bindigar nan a hankali, ka kai a duba maka tukuna." Ban ce tsaga ba, ban ce fashewa ba. Ya amso da dariya a muryarsa, da Larabci, yana kirana Amma, wato gwaggo: "Ya Amma, ai an duba. Abuya da kansa ya duba, ya ce masha Allah. Wa ya fi shi sani a duk Mamlaka, kaf ƙasar nan?"

Ina ta juya yadda zan sake faɗa da kyau, na ɗora girki, na yi azahar. Ƙarfe biyu Sundus ta kira tana ihu. A harbi na huɗu bindigar ta fashe a hannun Hafizu. Babban yatsa da manuni na hannun dama sun tafi, wani ɓarɓashin ƙarfe ya shiga idon hagu.

Sufyan ya tuƙa mu zuwa Yanbu, awa biyu da rabi. Bakri na gaba, tafukansa a kan gwiwa, yana kallon baƙaƙen duwatsu. Na so in zage shi, na so ya zage ni, ba wanda ya samu.

Sai kwana na uku Hafizu ya iya magana sosai. An naɗe hannun ya yi kamar tulu, an rufe idon da auduga, likita ya riga ya gaya wa Sundus aikin na'urori ya ƙare. Muna ɗakin mu uku. Ya juyo da ido ɗayan ya kalli ubansa, ya yi magana da Hausa, abin da rabon in ji tun yana firamare.

"Baba, ran Juma'a da ka haska tocila. Ka gani?"

Na kalli Bakri. Ya kama ƙarfen gadon da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Na ce a raina yau kam zai yi. Ya buɗe baki, ya rufe, sannan ya juyo gare ni.

"Gaya masa na gani."

Na gaya masa. Na kuma gaya masa abin da aka ce in faɗa a kicin, da abin da na faɗa a maimakonsa. Hafizu ya saurara har na gama. Sai ya ce da Larabci a kira masa Sundus, kuma in mun fita mu ja masa ƙofa.