Keken Kaka da Cittar Mutane

Ranar nan maƙwabciyata ta kwance buhun busasshiyar citta a ƙofar gida. Ƙamshin ya doki hancina, na yi atishawa, sai ga ni zaune a kariya, mazaunin bayan keken Kaka, ƙafafuna suna reto. Ka san halin ƙamshi, ba ya sallama kafin ya shigo.

Kaka mahaifin mahaifiyata ne. Ya yi aikin reluwe a Kafanchan har ƙarfinsa ya ƙare, ya dawo ƙauyenmu kusa da Fadan Kagoma da abu biyu: ciwon gwiwa da wani baƙin keke mai sanda. Duk ranar Alhamis sai ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya hau keken nan har Kafanchan. Can kusa da tashar jirgi akwai gindin mangwaro inda wani Malam mai facin keke yake da rumfa, abokinsa tun suna samari. Nan tsofaffin reluwe suke taruwa, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci, suna shan kunu suna zagin jirgin da ya daina zuwa a kan lokaci. Ba wani abin kirki suke tsinanawa ba. Amma tun da kakata ta rasu, Alhamis ɗin nan ce take riƙe da sauran kwanakinsa.

In an yi hutun Kirsimeti ni ce 'yar rakiyarsa. Yana ce mini amarya, ni kuma in ce ba zan auri mutumin da ya kasa sayen mota ba. Sai ya kaɗa ƙararrawa ya ce in nuna masa motar da ke da murya mai daɗi irin wannan.

Hutun kuwa daidai yake da lokacin shanyar citta. A shekarun nan, ƙarshen alif ɗari tara da tamanin da wani abu, citta ta yi daraja, kowa ya rungumi nomanta. A tone ta, a tsaga ta biyu da wuƙa har yatsun mata su yi ta raɗaɗi, sannan a nemi inda za a baza. Duwatsun shanya suka yi kaɗan. Sai mata suka gano gefen sabuwar kwalta, inda zafi yake busar da ita da wuri. Tun daga ƙauyenmu har ka hango Kafanchan, gefen titi fari fat, an jera ƙananan duwatsu don a san iyakar ta wance da ta wance.

To, gefen nan shi ne hanyar masu keke. Samari ba ruwansu, su bi ta kai abinsu, citta tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin taya, mata suna binsu da Allah ya isa. Kaka kuwa ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai taka ba. Da ya iso shanya sai ya karkata ya hau kwalta, ya yi ta tuƙinsa a hankali kamar shi ya biya kuɗin titin. Direbobi su danna hon, su leƙo su yi masa daƙuwa, wani ya matse shi har iskar mota ta ɗaga mini siket. Shi dai ƙararrawa yake mayar musu. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina jin daɗi, duk a lokaci guda, na ƙanƙame rigarsa mai warin sabulun salo da zufa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Kawu, ƙanen mahaifiyata kuma autan Kaka, direban bas ne a wannan hanyar. Kuma an san shi da gudu. A tasha abokan aikinsa sun ishe shi da ƙorafi, wai ya ja wa tsohonsa kunne kafin ya jefa wani a kurkuku. Ya zo gida ya yi magana cikin ladabi, ya ce hanya ta canja, yanzu mota ke da ita. Kaka ya ce yana bin hanyar nan tun tana turɓaya, kuma bai ji ranar da aka sayar da ita ba.

Ana nan sai ga ranar da kowa ke gudu. Muna gangara wata kwana, ga shanyar wata tsohuwa da mijinta ya rasu, Kaka ya hau kwalta kamar kullum. A gabanmu wata babbar mota ta taho da lodin itace. A bayanmu na ji ƙarar birki da ba zan manta ba. Bas ta kauce mana da ƙyar, ta faɗa gefe, ta bi ta kan cittar tsohuwar nan ta niƙe ta, ta tsaya. Direban ya diro, sai na ga Kawu ne.

"Baba, da na kashe ka," ya ce. "Da na kashe ka da yarinyan nan. Me zan je in gaya wa maman ta?"

Kaka ya sauke ni, ya jingine keke, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya fara tsince abin da ya rage.

"Ka taka gumin mutane," ya ce. "Zo ka tsince."

Kawu ya durƙusa a gaban fasinjojinsa, yana tsinta yana share ido da kafaɗa.

Daga ranar mahaifiyata ta haramta mini kariya. Kawu kuma ya cire sarƙar keken, ya rataye shi a jikin rumbu. Na ɗauka za a yi tashin hankali, amma Kaka ya bar keken a rataye. An ba shi kujerar gaba a bas, ya gwada sau ɗaya, ya dawo ya ce an kai shi an dawo da shi kamar buhun masara, ko mutum ɗaya bai gaisa da shi a hanya ba. Bai sake shiga ba. Alhamis ta yi, sai ya cusa wandonsa cikin safa, ya zauna a ƙofar gida yana kallon titi har rana ta karkata. Tuwonsa ya fara dawowa da saura. Ya daina ce mini amarya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don ni a ganina laifina ne, da ba na kan keken da ba a yi masa haka ba.

Malam mai faci ya aiko wani ɗan kasuwa ya tambaya, wai ko abokinsa ya rasu ne aka ɓoye musu. A ranar mahaifiyata ta kira Kawu bayan ɗaki. Na ji tana ce masa ya tsare tsoho daga mota, amma ga shi yana ƙarewa a kan kujera, ya zaɓi wadda zai iya ɗauka. Da safe muka tashi muka ga keke a ƙasa, da sarƙarsa, an ma sa mata mai.

Alhamis ta gaba aka aike ni Kafanchan wurin gwaggota, aka sa ni a bas ɗin Kawu, kusa da shi. Ba mu yi nisa ba na hango baƙin keke a kan kwalta, ga citta a gefe. Na dubi Kawu. Kawu bai taɓa hon ba. Ya sauke giya, ya bi bayan keken a hankali, ya fitar da hannu ta taga yana tsayar da motocin da ke biye da mu. Fasinja suka fara guna-guni, wata mata ta tambaya ko mai ya ƙare ne.

"Motan ne ba lafiya," in ji Kawu. "Wanda yana sauri ya sauka."

Haka muka tafi, duk inda shanya take bas tana rarrafe a bayan keke, har muka shiga gari. Kaka bai waiwayo ko sau ɗaya ba. Da yamma a gida yana cin tuwo har da neman ƙari, ya dube ni ya ce, amarya, yau wani direban banza ya bi shi tun daga ƙauye, ko keke ya kasa wucewa. Kawu yana zaune yana wanke hannu, ya ce ai direbobin yanzu sai a hankali.

Duk lokacin citta haka suka yi, tafiya da dawowa, har gwiwar Kaka ta ajiye shi da kanta. A tasha an mayar da Kawu abin dariya, ana ce masa ɗan rakiya, ya sha rasa lodi saboda haka. Ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci maganar ba, har aka binne Kaka.

Yanzu babura sun cika hanyar, keke sai jefi-jefi. An sare mangwaron, Malam ya daɗe da rasuwa, Kawu ma furfura ta cinye shi. Ni da na ce ba zan auri marar mota ba, ga ni ina tuƙa tawa, kuma da za a karɓe ta a ba ni Alhamis ɗaya a kariyar nan, da ban yi ciniki ba. Citta dai har gobe ana shanya ta a gefen titi. Kirsimetin bara muna hanyar gida da 'yata, sai wani tsoho a kan keke ya iso shanya, ya karkata ya hau kwalta a gabana. Na rage gudu. Na bayana suka yi ta danna hon.

"Mama, ki wuce shi mana," in ji 'yata.

Na ce mata motar ce ba lafiya.