Tawul ɗin Anti Rakiya

Anti Rakiya ta rasu. Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa a unguwar Harlem, nan ƙasar Turawa. Jirgin ya zo ya wuce ban shiga ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maƙwabciyarta ta unguwar Stapleton, can tsibirin Staten Island, ce ta kira ni. Ta ce ta yi ta buga ƙofa shiru, sai da aka buɗe aka tarar da ita a kan kujera, shayinta ya huce. Likita ya ce zuciya ce. Ita kaɗai ce a ɗakin.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Dakta Rakiya 'yar Zangon Kumasi ce, babbar mai bincike a lab ɗin kemistiri, wato ɗakin gwaje-gwajen da nake karatu. Duk ginin nan mu biyu ne muke jin Hausa. Ran da na fara zuwa ta ji ina waya da Umma, ta juyo ta ce, "Kai, 'yar gida! Daga ina?" Na ce Zariya. Tun daga ranar na zama ƙanwa.

Aikina da sodium hydride nake yi. Wani gari ne ruwan toka, base mai ƙarfin gaske, wato kishiyar acid, a cikin mai ake ajiye shi don kada damshin iska ya taɓa shi. Ko ɗigon ruwa ya faɗa masa sai ya fitar da iskar hydrogen, yana iya kamawa da wuta nan take. Idan ya taɓa fata kuma ya ci ta. Wutarsa ba a kashe ta da ruwa, busasshen yashi ake zuba mata.

To ni kuma fa? Kullum bayan azahar nake auna shi.

Satina na farko na fito daga alwala, hannun rigata a jiƙe, bakin hijabina yana ɗiga, na nufi kwalbar garin nan kai tsaye. Ban san lokacin da ta riƙe min wuyan hannu ba.

"Ƙanwa, alwalarki ta yi kyau, amma wannan abu ba ya son masu alwala."

Turawan lab ɗin sun karanta min duk dokokin da ke duniya, babu wanda ya kawo maganar alwala, don ba su san ta ba. Washegari na tarar da ɗan tawul shuɗi rataye a bayan ƙofa. Ita take kai shi gida ta wanke, ta dawo da shi yana ƙamshin turaren wuta.

Ita ce ta raba ni da hijaban roba masu sheƙi. Ta ce idan wuta ta kama su narkewa suke yi a jikin mutum. Ta kawo min na auduga, kalarsu kamar ta buhun masara. Na yi ta mita, ta ce, "Gayu a jirgin subway, ba a nan ba."

Babbar dokarta ita ce ba a buɗe kwalbar nan mutum ɗaya. Ko tana tsakiyar aikinta za ta ajiye, ta sa tabarau da safar hannu, ta jawo bokitin yashi da ƙafa, ta tsaya a bayana. Numfashinta kawai nake ji, har in gama awo.

Juma'ar da ta wuce muka yi haɗuwar ƙarshe. Na gama aiki, ina kashe ƙarfin ragowar garin da wani ruwan sinadari, isopropanol, a kan ƙanƙara, ɗigo-ɗigo yadda ta koya min. Ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, za ta tafi da wuri ta kama ferry, jirgin ruwan da ke kai ta gida. Na ce in raka ta, ta ce, "Ki zauna, gajiya ce." A bakin ƙofa ta juyo. "Monday kar ki taɓa kwalbar sai na zo."

Yau Litinin. Na shiga lab ɗin, tawul yana nan. Na tsaya ina kallonsa, kowa yana ce min sorry, babu wanda zan yi wa kuka da Hausa. Wallahi tun da na zo garin nan ban taɓa jin kaɗaici irin na yau ba.

Ga dalilin wannan rubutu. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta yana Kumasi, ba zai samu zuwa ba. Ta yi ta zaman lab har mutanenmu da yawa ba su san da ita ba. Limamin masallacinmu ya tambaye ni wa zai yi mata wanka, na duba ban ga kowa ba sai ni. Ban taɓa wanke gawa ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai.

Zan yi. Na ninke tawul ɗin na sa a jaka, da shi zan tsane mata jiki.

Amma iyayena mata na Harlem, na Bronx, na Staten Island, don Allah wadda ta iya ta zo ta tsaya a bayana. Maza kuma ku cika mata sahu gobe, ku raka ta makwancinta. Ku yi min magana ta inbox in ba ku wuri da lokaci. Matar nan ba ta taɓa barina ni kaɗai ba, kada mu bar ta.

Allah Ya gafarta miki, Anti. Ya tsare ki daga wuta kamar yadda kika tsare ni, Ya ba ki abokan zama a kabarinki.

Duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a, ko bai san ta ba.