Ranar da Muka Je Roƙon Jirgi

Aikina a ofishin kawuna a Guangzhou shi ne ɗaga waya. Shi yana haɗa wa 'yan kasuwa kaya a kwantena ya tura Legas, ni kuwa ina zaune ina amsa tambaya guda tun safe har yamma: jirgi ya tashi? Ina gama sakandare ya ɗauko ni, wai ina jin Turanci kuma ba na tsoron kowa. Turancin ya yi masa amfani. Ɗayan kuwa, kullum cikin ba mutane haƙuri yake a kaina.

In sanyi ya fara fita, garin jiƙewa yake yi. Bango ya yi ta gumi, tayil ya yi santsi, ka shanya ɗankwali ya yi kwanaki yana warin danshi. A irin wannan lokacin Hajiya ta zo. Ƙawar mahaifiyata ce, jakunkunan mata take sayarwa a Kano. Ta yi ta zirga-zirga zuwa Shiling, inda kasuwar jakunkuna take, har ƙafarta ta kumbura, ta cika kwantena guda. So take kayan su shiga shagonta kafin Babbar Sallah, don jakar mata da yayi take tafiya, in Sallah ta wuce an bar ka da ita.

Kwantenar ta hau jirgin ruwa lafiya. Washegari hazo ya sauka a bakin kogi, fari fat, masu kula da tashar suka rufe hanya. Babban jirgi ba shiga ba fita.

"To sai yaushe?" in ji Hajiya. Ta zo ofis da kanta ta zauna a kujerata.

"Sai ya washe."

"Yaushe zai washe?"

"Hajiya, ni ba ni na saukar da shi ba."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke dai bakin nan naki. Jirgin ba shi da fitila ne? Mu da muke tafiya Legas cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, direba ya kunna fitila ya bi a hankali."

Na gaya mata abin da na sani, wanda ni ma a bakin wakilan kamfanin jirage na tsinta. Kogin da faɗi a ido, amma inda babban jirgi zai iya bi ɗan siririn layi ne da aka haƙe, gefe da gefe taɓo. Jirgin ba shi da birki. Ko an kashe inji zai yi ta tafiya da nauyinsa. Kyaftin ma ba shi ke fitar da shi shi kaɗai ba, sai wani ɗan gari da ya san ruwan ya hau ya nuna hanya, ƙananan jirage suna ja suna turawa. In ba a ganin gaba, ba wanda zai yarda ya hau.

Duk bayanin nan abu ɗaya ta ji.

"Ashe akwai mai ba da izini. To shi za mu je mu gani."

Hajiya ta yi imani babu ƙofar da gaisuwa ba ta buɗewa. Da haka ta sha fitar da kaya daga hannun kwastam, da haka ta samo wa ɗanta makaranta. Ka je da ƙafarka, ka durƙusa, ka ajiye ɗan abu, ka ce a duba maka. Na juya wajen kawu ko zai yi magana. Sai ya duƙufa a kan wayarsa ya ce, "Raka ta mana, ai uwa ce."

Muka ɗauki shatar mota zuwa Nansha, inda tashar jiragen take, tafiya mai nisa. Hajiya ta rungume leda a cinya: turaren wuta, da turmin atamfa na matar kyaftin. Na ce mata atamfar ma a ƙasar nan aka buga ta. Ta ce in rufe mata baki. Direban ɗan China ne, da ya gane inda za mu da abin da za mu yi, sai ya yi ta girgiza kai yana cewa "meyo, meyo", wato babu. Muna matsowa teku hazon na ƙara kauri, manyan motoci sun yi layi a gefen titi, direbobinsu na barci da ƙafa a kan sitiyari.

A ƙofar tasha wani matashi mai kaki ya tare mu. Hajiya ta gyara mayafi ta rusuna masa, tana kiransa "lawban", maigida ke nan, yaron da bai kai ɗanta na uku ba. Ta miƙa leda. Ya ja da baya ya ɓoye hannuwansa, ya nuna kyamarar da ke samanmu.

"Gaya masa ni marainiya ce," in ji ta.

"Hajiya, jikoki gare ki."

"Ke gaya masa!"

Na rubuta a waya ta fassara masa. Ya karanta, ya sake karantawa, ya rubuto cewa yana mana ta'aziyya, amma ba a shiga. Mai ba da izinin ma ba a nan yake ba, yana wani gini can yana kallon na'ura, kuma ba mutum ɗaya ba ne.

Ta ƙi komawa mota. Muka bi gefen katanga har inda ake iya tsayawa a bakin ruwa. Ba abin da ake gani. Sai ƙarar jirage kawai, wannan ya yi kuka mai tsawo daga dama, wani ya amsa daga inda ba ka zata ba. Mayafina ya jiƙe, kaina na sarawa, tun safe ban ci komai ba. Muna tsaye sai wani ƙaramin jirgin yashi ya ɓullo dab da mu, baƙi, a nutse har wuya, ba mu ji zuwansa ba. Ya wuce hazo ya haɗiye shi.

Na ɗauka ta gane. Ta bi inda ya ɓace da kallo, sannan ta ce, "To ga shi wannan yana tafiya. Shi wa ya sani?"

"Irinsa ne suka sa namu ba zai motsa ba! In ya taka wannan, mutanen ciki fa? In ya kauce masa ya kafe a taɓo, jakunkunanki su kwana wata a tsakiyar kogi."

"Kada ki yi mini baki."

Daga nan muka shiga mota muka koma gari.

Da hazon ya washe ma ba nan take aka saki jirginmu ba. Jirage sun taru, bi da bi ake fitarwa, namu kuma ya yi nauyi sai ya jira ruwa ya cika. Kafin ya isa tashar da ake sauya wa kaya jirgi, mai zuwa Legas ya tafi. Jakunkunan suka shiga Kano an riga an gama cin naman Sallah. Na ji an ce har yanzu akwai sauransu a saman shago, ana karyar da su.

Hajiya ba ta kira ni ba, mahaifiyata ta kira. Ta ce mata har ƙofa muka je, yaron ya fara sassautowa, ni ce na tsaya ƙiƙam kamar soja ban ko rusuna ba.

Umma ta bugo mini da rana ina cikin cin abinci. "Ke me ya hana ki roƙe su?"

Na fara mata bayanin layin da aka haƙe da jirgin da ba shi da birki. Ina cikin yi na ji tana ce wa wani ya sauke tukunya kada ta ƙone. Sai na bari.

"Umma, ban iya ba ne," na ce.

"Ai na sani," in ji ta. "Sai ki kira ta ki ba ta haƙuri."