Maƙwabta Ne Suka Rufe Ki, Yaya Safura

Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran matar yayana, Hajiya Safura, a gidansu da ke Tottenham, bayan jinyar da ta daure mata ba tare da ƙorafi ba.

Yaya Safura, Nuala ne sunan da iyayenki suka raɗa miki a wani ƙauye na yammacin Ireland. Kin zo Landan aikin jinya, kika musulunta, kika auri Yaya Abdulkarim. Da na iso ƙasar nan ban san kowa ba, ke kika riƙe ni. Kin koyi tuƙa tuwo saboda ni, ni kuwa ban fasa tsokanarki a kan gudajin da ke ciki ba.

Hirarki ba ta wuce maƙabartar ƙauyenku. Har nakan ce miki ban taɓa ganin mai son kushewa kamarki ba. Ke kika ba mu labarin yadda mutanen zamanin da can suka ɗauka cewa wanda aka binne a ƙarshe shi ke ɗebo wa sauran mamata ruwa har sai wani ya zo. Shi ya sa idan jana'iza biyu suka haɗu a hanya, sai a yi ta rige-rigen shiga ƙofa, wani lokaci har da dambe. Kina faɗa kina dariya har da hawaye. Amma muryarki takan sauka idan kin zo kan ɗan filin bakin teku inda ake binne jariran da ba a yi wa wankan coci ba, babu suna, sai farin dutse. Ƙanwarki tana can.

Abu ɗaya ne ya tsaya miki a rai. A ƙauyenku dangi ba sa haƙa kabarin nasu, ba sa rufe shi. Maƙwabta ke yi, kamar yadda aka yi wa iyayensu. Da ciwo ya yi nauyi kika ce min: "A nan mota ce za ta tura min ƙasa. Wa nake da shi da zai ɗauki shebur?" Na ce ki daina wannan magana, amma ni ma ban san amsar ba.

Ma'aikatan maƙabarta sun ce haƙa da hannu ba zai yiwu ba, doka ce. Rufewa kuwa sun yarda. Na gaya wa mutum biyu kawai, ina jin nauyin roƙon mutane a ranar aiki, ga ruwan sama.

Da muka sa ki a makwancinki, Yaya ya zuba ƙasa da hannunsa, sannan ya miƙa hannu zai ɗauki shebur. Sai Zion, direban bas ɗin nan mai zama a benen da ke saman naku, wanda kika yi jinyar mahaifiyarsa, ya dafa shi.

"Alhaji, ba kai ba," in ji shi. "Aikinmu ne."

Na waiwaya na ga layi. Mutanen Gana na masallacinmu, mai shagon kan kwana, har da tsohon nan da kullum kuke faɗa a kan kwandon shara. Sheburan ba su isa ba, sai karɓa-karɓa. Mu dangi muka koma gefe muna kuka, motar kuma ko kunna ta ba a yi ba. Ashe kina da ƙauye a nan, mu ne ba mu sani ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Abdulkarim, da 'ya'yanki Fauzia da Rukayatu, da danginki na Ireland, da maƙwabtanki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.