Idon da Aka Rataya a Zaurenmu

Zauren gidanmu na unguwar Gumbihini a Tamale ba a rufe shi da rana. Haka na tarar da shi ina amarya, haka marigayi mai gidana ya bar min shi.

To, shekarar da aka haura katangar gidan da ke bayanmu aka ɗauke babur, rana tsaka, mai shi yana masallaci, sai babban ɗana ya kira ni daga Kumasi, inda yake sayar da kayan gyaran mota.

"Mma, sai an sa tsaro a gidan nan."

Na ce Allah ne mai tsaro. Ya ce ya sani, amma ai Allah ya ce tashi in taimake ka. Tun yana yaro bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Ya turo wani mai shago daga unguwar Gurugu da kaya cikin kwali. Mutumin ya baje su a tabarma kamar mai tallan magani. Ga waya mai wuta da ake zagaye katanga da ita. Na ce zabina a kan katanga suke shan iska, ban shirya cin gasasshe ba. Ga ƙararrawa mai ihu. Na ce ina da suruka. Sai ga wani ɗan baƙin ido kamar ƙwallon goro, wai kyamara, wai duk wanda ya shiga zaure ɗana zai gan shi a wayarsa, har ya yi masa magana ta ciki. Shi ɗana ya zaɓa. Aka rataya shi a saman ƙofa, mai shagon kuma ya bi layi yana shelar abin da idon ke iyawa.

Yanzu ku saurara, a nan maganar take. Ina da maƙwabciya, 'yar ƙabilar Dagomba, mijinta ya rasu, marayun 'yarta suna hannunta. Kullum da safe takan shigo da marfin tukunya, wai ɗiban wuta. A wannan zamani na ashana. Ni kuma nakan ajiye kwano a bayan ƙofar zaure, yau masara, gobe sauran tuwo. In za ta fita sai kwanon ya shige ƙarƙashin mayafi. Ba mu taɓa maganarsa ba, ni da ita, ko sau ɗaya. Surukata ma in ta ji sallamarta sai shara ta kama ta a bayan ɗaki.

Washegarin rataya ido, ɗana ya kira yana dariya.

"Mma, kin gani? Tun ba a je ko'ina ba mun kama. Wace ce ta ɗauki kwano a bayan ƙofa?"

Na ce kwanonta ne ta manta.

Daga ranar ba ta sake shigowa ba. Labarin idon ya iske ta. Na riƙa duban rufin gidanta da safe, hayaƙi ba ya tashi. In na aika da abinci za ta mayar, don 'yar babban gida ce. In na faɗa wa ɗana gaskiya, buhun shinkafa zai aiko a keke mai ƙafa uku, a sauke shi a ƙofarta da hayaniya, kafin azahar har mutanen unguwar Changli sun ji. Asirin da na rufe shekaru ya tonu ke nan.

Sai na zauna na yi shawara da goro.

Aka yi suna a layinmu. Da mata suka cika, na gyara mayafi, na ce musu ɗana yana kewar gida. Ban yi ƙarya ba, ya taɓa faɗa. Na ce yanzu yana nan a zaure, yana gani yana ji, duk mai son gaishe shi bismillah.

Wanda bai san Tamale ba ya ɗauka gaisuwa abu ne na wucewa. Mace za ta durƙusa a gaban idon, ta ce "Dasiba," wato ina kwana, ba za ta tashi ba sai ta ji amsar "Naa" ta fito daga bango. Sannan a tambayi matarsa, da yara, da kasuwa, da ruwan Kumasi, da ciwon bayan surukinsa. Kowane motsi wayarsa sai ta yi kuka. Tsofaffi suka riƙa biyowa daga masallaci. Wata ta kawo ɗanta a nema masa aiki. Wata gwaggonsa ta shimfiɗa tabarma ta yi masa faɗan ta'aziyyar da bai zo ba tun bara. Akuyar liman ma ta leƙa.

Bai daɗe ba ya kira.

"Mma, me kika faɗa wa mutane?"

"Gaisuwa ce, ɗana. Ko a Kumasi an daina amsawa?"

"Ina tsakiyar ciniki waya tana ta kuka."

"To kashe ta."

"In na kashe a ce na yi girman kai."

"Za a ce kuwa. Ni zan fara."

Sai ya ce, "Me kike so a yi?"

Na ce ɓarawon babur ta zaure ya shiga? Ya ce ta katangar baya. Na ce to ido ya koma inda ɓarawo yake bi, zaure na masu sallama ne.

Mai shagon Gurugu ya dawo da tsaninsa, ya mayar da idon katangar baya. Na hana shi toshe ramukan ƙusa, na ce a bar su a gani. Na ba shi koko ya sha a bakin titi, don na san bakinsa ba ya hutawa, labari zai bazu.

Da safe na ajiye kwano a bayan ƙofa. Sai ga sallama. Maƙwabciyata ta tsaya a zaure da marfin tukunyarta, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon ramukan.

"Yaya, wutata ta mutu."

"Ga murhu nan," na ce, na juya baya ina yi wa zabi faɗa.

Zabin ne yanzu ɗana yake gani a wayarsa. Ya ce yana jin daɗinsu, ba sa jiran a amsa.