Kunyar Ɗan Fari a Perry Barr

Ɗanmu na fari ya haura shekara biyu bai ce uffan ba. Ubansa kuwa bincike ya kawo shi jami'a a Birmingham, kan yadda ɗan Adam ya gaji magana a jini. A lokacin ana ta zancen wata ƙwayar halitta da ke sarƙe harshe idan ta samu tangarɗa. Maigidan ya bi danginsa kaf bai ga aibu ba, ya juyo kan nawa, ya tsaya cak a kan wani kawuna mai i'ina. Na ce masa kawun nan, da i'inar tasa, ya fi shi surutu. Baki na mayar, amma tsoro na cina, kada yaron ya tashi bebe.

Da hutu muka je Manchester wurin wata Hajiya 'yar Gana, matar abokinsa. Tun daga bakin ƙofa ta saɓi yaron. Tana yanka albasa tana ba shi labarin albasa, tana tambayarsa ra'ayinsa kan gishiri. Kafin mu baro gidan ya ture cokali ya ce "a'a", tangaram.

Hajiya ta dube ni. "Ƙanwata, a flat ɗin naku wa ke masa hira?"

Na ce talabijin.

"Ke fa?"

"Haba Hajiya, ɗan fari ne fa."

A gidanmu a Kano uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Wannan aikin kakanni ne da gwaggwanni. Ni kuwa na ɗauko kunyata cif har Perry Barr, unguwarmu a Birmingham, na baro gwaggwannin. Uban ma, da duk bokonsa, "yaron nan" yake cewa.

"Kunyar wa kike ji a can?" in ji Hajiya. "'Yan Council masu karɓar haraji?"

Maigidan ya gyara zama ya ce dama binciken bai taɓa cewa jini kaɗai ba ne. Kawuna dai ba a ba shi haƙuri ba.

A jirgin ƙasa muna komawa, uban ya yi barci. Na duba hagu da dama, babu mai jin Hausa. Na sunkuya na kira sunan yaron, a hankali kamar mai sata. Ya ɗago da sauri, ya leƙa bayan kujera yana neman wadda ta kira shi. Bai kalli inda nake ba.